Yadda Injiniya Nazakat Ya Yi wa Lasisi Ƙaura

A Gujranwala, garin da ko jariri aka haifa sai dattawa sun latsa damtsensa su ji ko zai yi kokawa, akwai wani mutum a Layin Maƙera da ake kira Nazakat Bhatti. Shi Allah bai ba shi damtse ba, baki ya ba shi, ya kuma ba shi har da gyara. Ya taɓa zaman Sharjah a ƙasar waje, inda ya yi aiki a wani sito yana sauke kwalaye daga mota. Da yake kwalayen na kwamfuta ne, ranar da ya dawo gida sai ya dawo da sunan Injiniya. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya naɗa kansa, ya sa mai fenti ya rubuta masa a ƙofar gida.

"Kwamfutocin da suka bi ta hannun nan," yakan ce a shagon madarar Haji Karamat, yana ɗaga tafinsa sama, "sun fi gashin kanku yawa."

Haji Karamat, wanda sanƙo ya share wa kai tun yana saurayi, yakan ce, "In dai nawa ne, Injiniya, ko biyu ka taɓa ai ka wuce."

Mai aikin gaske a gidan ita ce matarsa Farkhanda. Tana da keken surfani irin wanda kwamfuta ke tuƙawa: a zana fure a fuskar kwamfuta, keke ya fitar da shi da zare a kan yadi. Amaren unguwar duk daga hannunta mayafinsu ke fitowa. Sai dai kwamfutar ta tsufa tukuf. In an kunna ta sai ta yi nishi, ta yi tari, mutum ya je ya dafa shayi ya sha ya dawo kafin ta buɗe ido.

A wannan karon mayafin da ke hannun Farkhanda ba na wasa ba ne. Na Nimra ne, 'yar autar Pahalwan Gulzar, tsohon gwarzon kokawa wanda har gobe in zai shiga rikisha, wato keken haya mai ƙafa uku, sai direba ya yi wa tayoyinsa addu'a. Matarsa Shagufta ta yi ta zarya gidan, a zana ta ce a goge, a goge ta ce a maido, har aka samu abin da ya kwanta mata a rai: ɗawisu biyu baki da baki, da zaren gwal a kan jan yadi. Zanen yana cikin tsohuwar kwamfutar, biki kuwa ya ƙarato.

Ana haka sai ƙanin Farkhanda ya aiko mata da sabuwar kwamfuta daga Lahore, baƙa wuluk, an riga an zuba mata manhajar surfani. Ya bugo waya ya ce komai na aiki, lasisin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ne kawai babu. Ba abin gaggawa ba ne. In an gama biki ta kai shago a saka mata sabo.

Nazakat na gefe ya kasa kunne. "Shago?" ya ce. "Daga gidan Injiniya? Farkhanda, so kike a yi da ni a gari? Ga lasisi can zaune a cikin tsohuwar yana cin banza. Ƙaura kawai zan yi masa."

"Baban Samina, ka bari in gama mayafin nan tukuna."

"Kafin ki zura zare a allura na gama."

"Haka ka ce ranar da ka gyara fanka."

"To fankar ba ta juya ba?"

"Ta juya. Har ta sauko cikin tukunyar miya tana juyawa."

Kafin ta rufe baki ya riga ya fice. Aiki irin wannan ba a yin sa sai da shaidu. Ya tarar da Haji Karamat yana kwashe kirim daga kan madara, Basharat mai aski kuma yana zaune kan benci yana jiran kan da zai aske.

"Alhaji, in za ka kafa kindirmo, yaya kake yi?"

"In ɗiga na jiya a cikin madarar yau."

"To lasisi ke nan! A ɗebo daga tsohuwa a ɗiga a sabuwa, ta kama. Masu shago ba sa son ku san wannan. Ku taso ku ga ilimi da idonku, yau kyauta ne."

Suka biyo shi, Haji da ludayinsa a hannu. Nazakat ya juya tsohuwar kwamfutar, ya nuna musu wata 'yar sitika mai ƙyalli a gefenta, mai ɗauke da jerin lambobi da haruffa.

"Kun gan shi nan. Shi ne lasisin. Ɗan mitsitsi, amma shi ke riƙe da gidan."

"Kamar Farkhanda ke nan," in ji Haji.

Nazakat ya sa farce, sitika ta ƙi. Ya sa wuƙar yanka albasa, ta ƙi. Sai ya ce a Sharjah da tururi ake yi. Ya ɗora buta a wuta, ta tafasa, ya kawo bakinta jikin kwamfutar. Rabin tururin ya bi ta hudojin iska ya shige ciki, tsohuwa ta yi wani irin tari da ba a taɓa jin ta yi ba. Sitika dai ta saki. Da ya ja, sai ta rabe gida biyu, tsakiyar lambobin ya narke ya koma kamar kwallin da hawaye ya wanke.

"Ta yage," in ji Basharat.

"Ba yagewa ta yi ba, buɗewa ta yi."

Ya ɗebo ɗan ƙullun gurasa daga kwanon Farkhanda, ya manna ɓangarorin biyu a goshin sabuwar, ya danna da babban yatsa, ya yi bisimilla ya kunna. Sabuwa ta buɗe ido nan take, ta kuma nemi abin da take nema tun farko: a saka mata lambar lasisi.

Basharat ya sosa ƙeya. "Wataƙila sai an lulluɓe ta da bargo ta kwana, tunda ka ce kamar kindirmo ne."

"Kai da aski aka san ka, Basharat. Ka tsaya inda Allah ya ajiye ka."

Suka fita suna dariya. Washegari da safe Farkhanda ta shiga ɗakin aiki ta tarar da sabuwar kwamfuta lulluɓe da bargon aurensu.

Da bargo bai yi ba, Nazakat ya koma kan lambobin. Ya buga waɗanda ake iya gani, inda ya narke kuma ya cike da abin da ya ga ya dace. Ya sa shekarar haihuwarsa, ta ƙi. Ya sa lambar rikishar surukinsa, ta ƙi. Ya sa lambar ɗakin da ya zauna a Sharjah, wadda ya tabbata kowace kwamfuta za ta girmama, ita ma ta ƙi. Daga ƙarshe ta nuna masa lambar wayar da ake kira a nemi taimako.

Ya hau saman soro inda waya ta fi kamawa, ya buɗe lasifika don maƙwabta su ji yadda manya ke magana da kamfani. Muryar wata mace ta fito, mai laushi, irin wadda aka naɗa a na'ura.

"Barka da kira. Domin harshen Urdu, danna ɗaya."

"Salamu alaikum, 'yar'uwa. Ya gida, ya yara?"

"Ba mu fahimci zaɓinku ba."

"Yo ai ban zaɓa ba tukuna, gaisawa muke."

"Domin Urdu, danna ɗaya."

"Na ji. Ke ba a yi miki tarbiyyar gaisuwa ba ne? To, ki haɗa ni da mai gidanku. Ki ce Injiniya Nazakat ne na Sharjah, zai gane."

"Ba mu fahimci zaɓinku ba."

Ya sauke murya, ya koma lallashi. Ya ce muryarta kamar zuma, ya ce daga ji 'yar babban gida ce, ya ce in ta taɓa biyowa ta Gujranwala ta tsaya ta ci gasassun tsuntsaye a wurinsa. Matan da ke shanya a sorayen maƙwabta suka bar shanya suka jingina da katanga. Ɗaya ta leƙa tsakar gida ta ƙwala wa Farkhanda kira.

"Yaya Farkhanda! Mijinki na nan sama yana lallashin wata a waya!"

"Ƙyale shi," in ji Farkhanda daga ƙasa. "In ta yarda ta zo ta ɗauke shi, zan haɗa mata da sukundirebansa."

Muryar ta ce, "Mun gode da kira," ta katse.

Nazakat ya sauko yana cewa mata duk halinsu ɗaya, har na cikin waya. Ya zauna ya lalubo wani bidiyo a wayarsa, inda wani mai gilashi ke bayani da sauri kamar ana korar sa. Abu ɗaya ya tsinta: kafin lasisi ya shiga sabon gida, sai an sallame shi daga tsohon. Ya kwafi umarnin harafi bayan harafi, ya buga wa tsohuwar. A karon farko a rayuwarsa kwamfuta ta yi masa biyayya. Ta saki lasisin. Da ya sake kunna ta, bayan fuskarta ya koma baƙi, wani rubutun Turanci ya fito a kusurwar ƙasa ya tsaya ƙyam, duk abin da aka buɗe yana nan a kansa.

Turancin Nazakat bai wuce abin da ake rubutawa a jikin kwali ba: nan ne sama, kada a jiƙa. Amma murna ta hana shi zama. Ya buɗe zanen ɗawisun Nimra don hoton ya yi kyau, ya ɗauki fuskar kwamfutar da wayarsa, ya garzaya shagon Haji.

"Ku gani! Ta sallama. Har da rubutu ta yi min."

"Me ta ce?" in ji Haji.

"Addu'a ce. Sa albarka take."

"Ikon Allah. To sabuwar ta karɓa?"

"Yanzu za ta karɓa."

Ba ta karɓa ba. Lasisi ya bar tsohon gida, sabon gida ya ƙi buɗe masa ƙofa. Da kwamfuta ɗaya ce marar lasisi a gidan, yanzu sun zama biyu. Nazakat ya sake hawa soro. Wannan karon ya danna ɗaya ba gaisuwa, ya danna duk abin da aka ce ya danna, har Allah ya haɗa shi da mutum mai rai. Mutumin ya saurare shi da haƙuri, sannan ya ce irin wannan lasisin tare da kwamfutar aka haife shi tun daga masana'anta. A ɗaure yake da babban allon da ke cikinta, ba ya ƙaura. Inda allon yake, nan yake.

Kowa ya ji wannan ya san magana ta ƙare. Nazakat kuwa tsalle ya yi.

"Farkhanda! Na gano! A jikin allo yake. Allon zan ɗauke gaba ɗaya in kai cikin sabuwar."

"To in ka cire cikin sabuwa ka zuba na tsohuwa, ba tsohuwar ce ta sake riga ba?"

"Wannan tambaya ce ta wanda bai je Sharjah ba."

"Zanen Nimra fa? Ka fitar min da shi tukuna."

"Yana nan lafiya lau. Ba inda za shi."

Ta so ta tsaya a kansa, sai ga kira daga gidan wata amaryar da ake gwada wa riga. Tana fita ya jawo gadon igiya tsakar gida, ya kwantar da kwamfutocin biyu a kai kamar masu jiran tiyata. Ya farke cikinsu. Wayoyi suka zubo, ƙura ta tashi. Ƙananan kusoshin da ya kwance suka riƙa bi ta ramukan igiyar gado suna faɗawa ƙasa, kajin gidan na bin su da tsattsaga.

Yana tsaka da bin wata kaza da ta haɗiye kusa, sai hasken ƙofa ya toshe. Pahalwan Gulzar ne ya shigo a karkace, don ƙofar ba ta ɗaukar kafaɗunsa a miƙe. Yana tafe yana fasa wata irin gyaɗa mai ɓawo kamar dutse da yatsu biyu yana watsawa a baki.

"Injiniya, uwar yarinya ce ta aiko ni. Ina mayafi?"

"Ranka ya daɗe, ai kamar an gama."

Pahalwan ya dubi gadon. "Wannan fa?"

"Ƙaramin gyara ne. Don ɗawisun su fito da kyau."

"Nimra ita ce autata." Ƙwas, ya fasa wata. "Tun da aka haife ta ban taɓa barin ta yi kuka ba." Ƙwas. "Wanda ya taɓa sa ta kuka, wani malamin makarantarsu ne. Yanzu a Karachi yake zaune, ya ce iskar teku ta fi karɓar ƙashin bayansa."

"Allah ya ƙara masa sauƙi," in ji Nazakat, muryarsa ta koma ta ɗan tsako.

Pahalwan ya dafa kafaɗarsa don sallama, sai da nauyin hannun ya kusa kai shi ƙasa.

Tsoro ya sa hannun Nazakat sauri. Ya cusa tsohon allo cikin sabon akwati. Bai zauna ba, ya danna da gwiwa. Wayar da ta ƙi shiga rami ya fere mata baki da wuƙa har ta shiga. Ya haɗa ma'ajiyar da zanen ke ciki, ya leƙa waje ya kira Haji da Basharat su zo su ga ƙarshen aiki, sannan ya jona wuta.

Aka ji fat! Wani shuɗin haske ya gilma, hayaƙi ya tashi mai warin ƙonannen gashi. A bakin layi taransifoma ta amsa da tata ƙarar, fankokin Layin Maƙera duka suka tsaya cak a tsakiyar zafin azahar.

"Firizata!" Haji ya yi ihu. "Ƙanƙarar madarar biki na ciki!" Ya zura a guje, sanƙonsa na ƙyalli.

Basharat ya leƙa cikin akwatin yana toshe hanci. "Injiniya, lasisin ne ya fita da hayaƙin nan, ko yana ciki?"

Kafin la'asar mutanen layin sun cika ƙofar gidan, kowa da mafici a hannu da baƙar magana a baki. Tela ya ce kekensa ya tsaya a tsakiyar wando. Wata tsohuwa ta ce a kankare Injiniyan nan daga ƙofa a rubuta Annoba. Nazakat ya leƙo ta taga ya ce laifin kamfanin wuta ne, wutarsu ba ta kai ta Sharjah tsabta ba. Wani ya jefo takalmi, ya rufe tagar.

Da wuta ta dawo, ya mayar wa sabuwar kwamfuta kayan cikinta da kusoshin da kaji suka rage. Allah ya rufa asiri ta tashi. Tsohuwar kuwa ta riga mu gidan gaskiya, ita da allonta da lasisinta da ma'ajiyarta. Ɗawisun Nimra sun ƙone ƙurmus.

Farkhanda ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta zauna bakin gado ta zuba tagumi.

"Zanen nan sai da na yi makonni ina yin sa, Baban Samina. Ko ban runtsa ba, ba zan maido shi kafin biki ba. Tun ina budurwa ban taɓa saɓa wa amarya alkawari ba. Sunana kaɗai gare ni a garin nan, shi ma ka jona masa wuta."

Nazakat ya sunkuyar da kai. Ya shiga lalube a aljihu don ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya taɓo waya. Idonsa ya yi haske.

"Hoton! Farkhanda, na ɗauki hoton zanen! Kin ga amfanin hangen nesa?"

Manhajar surfanin tana iya karɓar hoto ta mayar da shi ɗinki. Suka tura, ɗawisu biyu suka bayyana baki da baki, ba abin da ya ragu. Farkhanda ta sauke ajiyar zuciya. Sai ta matso da fuskarta.

"Wannan rubutun na ƙasa fa? Ban sa shi ba."

Rubutun Turancin nan ne na kusurwa, ya biyo hoton. Kalma ɗaya, wato sunan manhajar, ta faɗa cikin jelar ɗawisu ta ɓace, sauran na nan raɗau. Nazakat ya riga ya faɗa wa duniya cewa addu'a ce, ba kuwa zai janye a gaban matarsa ba.

"Addu'a ce. Cewa aka yi: Allah ya sanya albarka a wannan aure, ya kawo zuri'a ta gari, ya kau da idon maƙiya, ya haɗa kan surukai."

"Duk a ɗan layin nan?"

"Turanci ai a dunƙule yake."

"Ni dai a goge."

Da an goge da an huta. Sai ga Shagufta ta shigo duba aiki. Da ta ji an ce addu'a ce da Turanci, ta dafe ƙirji. Duk Gujranwala ba amaryar da aka taɓa yi wa mayafi mai Turanci, ga shi dangin ango har da 'yan Ingila.

"A goge? Wallahi ba a gogewa. Injiniya, ba za a iya ƙara masa girma ba?"

"Hajiya, ai aikina ke nan."

Ya ja rubutun ya baje shi daga wannan gefen mayafi zuwa wancan, haruffa manya kamar na allon shago. Keke ya ɗinke shi tsaf da zaren gwal.

Ranar biki zauren ya cika maƙil, ƙamshin shinkafa da naman rago ya gauraye ko'ina. Amarya na zaune a kan dandamali kusa da ango, mayafi ya sauko mata har gwiwa, gwal na walƙiya. Mata sai taɓawa suke suna sa albarka. Farkhanda na gefe ana ta yaba mata. Da Nazakat ya yi shiru, da wataƙila an tashi lafiya, don masu jin Turancin da ke wurin hankalinsu na kan faranti. Amma yabo na wucewa ta gabansa zuwa wurin matarsa, abin ya fi ƙarfinsa. Ya hau dandamali ya karɓe makirufo daga hannun mai gabatarwa.

"Jama'a, ɗinki na uwargida ne, ba musu. Amma addu'ar nan da kuke gani, ni na samo ta daga cikin kwamfuta, da ilimin da na yi ƙaura da shi daga ƙasar waje. An ce gwaggon ango daga Bradford ta Ingila ta zo. Hajiya, bisimilla, zo ki karanta ki fassara wa mutanenmu, su ma su ce amin."

Gwaggo Zarka, wata gajeruwar dattijuwa mai jaka a hammata, ta hau da ƙyar, ta saka tabarau, ta kama gefen mayafin. Ta karanta a zuci. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake karantawa.

"Ɗana, ka tabbata in faɗa a lasifika?"

"Da ƙarfi, Hajiya. Na baya ma su samu albarka."

Ta gyara murya. "An rubuta: Wannan ba ta asali ba ce. Mai yiwuwa an yaudare ku da jabu. A tuntuɓi wanda ya sayar muku."

Wani kurman tsoho a baya ya ɗaga hannu ya ce, "Amin!"

Ban da shi ba wanda ya yi motsi. Cokula suka tsaya a iska. Sai uwar ango ta miƙe tana salati.

"Jabu? Wa aka musanya mana? A ɗaga mayafin nan in ga fuskar da muka zo ɗauka!"

"'Yata ce jabu?" Shagufta ta yi kanta. "Ke kin ga asali a danginku?"

Zaure ya kaure. Dangin ango na neman a buɗe fuska, dangin amarya na naɗe hannun riga. A kan dandamali kafaɗun amarya suka fara rawa a ƙarƙashin mayafi. Pahalwan Gulzar ya ga haka. Ya ajiye cinyar ragon da ke hannunsa, ya miƙe a hankali, kujerar ta biyo shi sai da ya ɓamɓare ta.

"An ce a tuntuɓi wanda ya sayar," in ji Haji Karamat da ƙarfi, yana nuni da cokali. "Ga shi can yana sauka ta bayan dandamali."

Nazakat ya yi ta kansa. Ya bi ta ƙarƙashin teburin shinkafa, ya fito ta wajen masu kiɗa, ya taka ganga, ya nufi ƙofar madafa. Saura taku kaɗan ya ji ƙasa ta rabu da ƙafafunsa. Pahalwan ya ɗaga shi ta ƙeyar riga da hannu ɗaya, ya dawo da shi tsakiyar zaure yana wutsil-wutsil kamar kazar da za a kai kasuwa.

"Fassara min," in ji Pahalwan. "A hankali."

"Ranka ya daɗe, Turancin Ingila daban, na Sharjah daban. A namu..."

Pahalwan ya ƙara ɗaga shi sama har kansa ya kusa taɓa fanka.

"Baba!" Amarya ce. Ta yaye mayafin da kanta. Hawaye ya jiƙa mata kwalliya, amma ba na kuka ba ne. Dariya ce ta ci ƙarfinta tun ɗazu, har ta kasa numfashi. "Baba, don Allah sauke shi, cikina zai fashe. Gwaggo, ku dube ni da kyau, ni ce ko ba ni ba ce?"

Ango, wanda tun safe bai ce uffan ba don kunya, ya matso bakin makirufo ya ce, "Ni dai na gani ina so. Ko jabu ce, ba na mayarwa."

Zaure ya fashe da dariya, har uwar ango sai da ta zauna tana share ido. Pahalwan ya dubi 'yarsa, ya ga ba kuka take ba. Ya dubi abin da ke hannunsa kamar ya manta da shi. Ya waiga neman inda zai ajiye, bai ga wuri ba sai ƙugiyar da ake rataye fitila a jikin ginshiƙi. Nan ya rataye Injiniya ta wuyan riga, ya koma kan cinyar ragonsa. A nan Nazakat ya ga sauran bikin. Masu hoto suka fi ɗaukarsa fiye da amarya.

Bayan an kai amarya, Shagufta ta maido mayafin da sharaɗi: a cire rubutun tas, kada zare ɗaya na yadin ya ji ciwo. Farkhanda ta kai sabuwar kwamfuta shago aka saka mata lasisinta, ta sayo kwaɗo ta garƙame ɗakin aiki, ta rataya makullin a wuya. Sannan ta ɗauko kujera 'yar tsugunne ta ajiye a ƙofar gida inda haske ya fi yawa, inda kuma duk mai wucewa zai gani. Ta miƙa wa mijinta mayafi da allura.

Yana nan sunkuye yana tsintar zaren gwal ɗaya bayan ɗaya, ya gama da kalmar jabu ya shiga ta gaba, sai ga Haji Karamat da Basharat.

"Injiniya, sannu da aiki. Yau kuma me ake ƙerawa?"

Nazakat bai ɗago ba. "Cire lasisi nake da hannu. Aiki ne mai wuya, ba kowa ke iyawa ba. Duk Sharjah mu biyu ne muka iya, ɗayan ma ya rasu."

Daga cikin gida, ta saman ƙarar keken surfani, muryar Farkhanda ta fito.

"Baban Samina, ka huda min yadin nan ka gani. Yau na biyun ma zai bi shi."